Kitson Matar Kalanda

Kalandar ta shigo gidanmu ne a matsayin takardar naɗe kaya. Muttaka, wanda zan aura, yana sayar da kayan babur a Gummi, dilan da yake saro kaya a wurinsa a Sakkwato ne ya jefo masa ita cikin kwalin fulogi. Ta shekarar 2001 ce, mu kuwa muna cikin 2003, ba ta da sauran amfani wajen duba kwanan wata. Sai ya ɓalle shafukan ya naɗe min turare da sabulu a ciki ya aiko Bukkuyum. Turaren na manta sunansa. Takardun ne suka hana ni sakat.

Shafi goma sha biyu ne, kowanne da budurwa. Ba hoto ba ne, zane ne. A ƙasan kowanne akwai ɗan rubutun Turanci ƙanana, ni kuwa a lokacin ina koyar da 'yan aji huɗu a firamare, ina ji da bokona, sai na zauna na karance su tsaf. 'Yan matan Japan ne, an zana su fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Mai zane zai zana a takarda, masassaƙi ya manna ta a jikin katako ya sassaƙe, ya bar layukan a tsaye. Kowane launi da nasa katakon. A shafa tawada, a danna farar takarda a kai, kamar yadda hedimastanmu yake buga hatimi.

Na shimfiɗa su a tabarma, matan gida suka kewaye. Fuska fara fat, ido ɗan siriri kamar an tsaga da reza, baki bai kai ƙwayar wake ba, wuya dogo. Wata na riƙe da laima, wata na karanta wasiƙa, wata ta ciji gefen hankici tana kallon gefe.

Inna ta duba ta sake dubawa ta ce, "Waɗanga uwa guda ta haihe su? Duk huska guda."

Gaskiyarta. In ba da tufafi da gyaran kai ba, ba ka raba wannan da waccan. Tsohuwa Rabi, maƙwabciyarmu, ta ɗauki wata mai baƙaƙen haƙora ta ce wannan ta ci furen taba har ya wuce wuri. Aka yi ta dariya. Aka yanke hukunci cewa ba sa cin tuwo, kuma babu wadda za ta iya ɗaukar tulu a cikinsu. Daga nan kowa ta koma aikinta.

Ni ta watan Yuni ce ta kama ni. An zana ta ta baya, tana riƙe da madubi, fuskarta a cikin madubin kawai ake gani. Gashin ne abin kallo: tudu a goshi, fuka-fuki biyu sun buɗe a saman kunnuwa, babban dunƙule a baya, ga matsefi a tsakiya da tsinkaye biyu sun ratsa. Ƙeyar a buɗe take tas. Na ce da kaina da wannan kan za a kai ni Gummi. Ba zan ɓoye dalili ba: ina so in fita daban da duk amaryar da aka taɓa yi a Bukkuyum. Shekarata ashirin da biyu, girman kai kuwa ya fi shekarun yawa.

Matsalar ita ce kan amarya a gidanmu ba na amarya ba ne, na Gwaggo Tasalla ne. Yayar Babana ce, ta shekara arba'in tana kitso. Daga Anka ake kawo mata amare, daga Yargalma, Fulanin Gwashi ma in sun sayar da nono ranar kasuwa a gidanta suke ƙarewa. Kirarin da take yi wa kanta ɗaya ne: ba a haifi kan da ya gagare ta ba. Sunana Hawwa'u, sunan mahaifiyarsu aka sa min, saboda haka ba ta taɓa faɗar sunana ba. Uwata take ce min.

Sai dai shekara biyu ke nan tabarmar Gwaggo tana raguwa. Wata Basira ta buɗe salun a Gummi, da injin busar da gashi da man miƙar da shi, 'yan mata suka koma hawa mota. Ana ta raɗe-raɗin cewa tsagar Gwaggo ta fara karkacewa. Ita ma ta daina zuwa biki da kasuwa, ta ce ƙafa ce. Inna ta faɗa min ba kwana-kwana: duk matan gari sun zuba ido, in ɗiyar ƙaninta ta kai kanta Gummi, sunan Tasalla ya mutu ke nan.

Na ce ni ban hana ta ba. Ga takarda, in ta iya ta yi. In ba ta iya ba, mota na tashi kullum.

Na same ta da hantsi a gindin bishiyar bedi da ke tsakar gidanta. Na yi sallama, sai da ta ji muryata ta ce, "Uwata ta? Taho." Na miƙa mata shafin. Ta karɓa ta ɗaga shi wajen haske, ta matso da shi, ta nisanta, sannan ta ɗora a cinya tana bin sa da babban yatsa.

"Ke ta mai boko," ta ce. "Hwaɗa min abin da kika gani, in ji ko kin san abin da kika so."

Na ɗauka jarrabawa ce, har raina ya ɗan ɓaci. Na fara bayani. Tana tare ni da tambaya.

"Tudun goshin, yatsa nawa na?"

"Kamar huɗu."

"Kunne a ruhe ko a buɗe?"

"Rabi a rufe, Gwaggo."

"Ina tsaga tat tashi?"

"Babu tsaga. Babu kitso ma ko ɗaya, gashin a kwance yake sumul."

Ta yi tsaki. "Duk kai da tsaga, ɓoye ta anka yi. Kuma gashi ba ya tsayuwa da kainai. Akwai cushe ciki. Da mi sunka ɗaure shi yay yi ƙyalli?"

Na ce rubutun ya ce wani mai ne mai kauri suke shafawa, kuma in an yi gyaran sai a kwana da wuya a kan ɗan katako don kada ya rushe.

Yatsan ya tsaya. Can ta ce, "To. Na san shi." Ta lissafa min abin da za a nemo: man shanu sabo daga Gwashi, shuni, baƙin zare, da baƙin tsumma mai laushi. Na ce ina matan Japan za su sami shuni? Ta ce in na fi ta sani in yi da kaina.

Tsinkayen biyu Tsoho na kai wa, mai sassaƙa muciya da ludayi a bakin kasuwa. Na nuna masa zanen, na gaya masa a katako aka sassaƙa shi. Ya kai idonsa dab da goshin yarinyar, inda aka fitar da silin gashi ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kallo. Ya ce wanda ya yi wannan ba shi da gonar zuwa. Amma kwana uku ya yi yana goge min tsinkaye biyu, abin da zai gama kafin azahar.

Ranar kitso jajibirin ɗaurin aure ce. An riga an sa min lalle, hannuwa da ƙafafu sun yi jawur. Gwaggo ta kori kowa, ta ce ba ta son surutu, ta sa aka shimfiɗa tabarma a inda rana ta fi haske. Na kwanta rub da ciki na ɗora kai a cinyarta. Tun ina goye nake kwanciya a cinyar nan, warin man shanu da goro bai taɓa barin zanenta ba.

Hannun Gwaggo ba ya wasa. Ta tsefe, ta taje, ta raba kan gida-gida, tana jan gashi har sai na ji gira ta ɗaga. In na motsa ta dungure ni. Takardar tana gefe an danne da dutse. Na lura ba ta ko waiwaye ta ba, na ce a raina ta haddace.

Wajen awa biyu da farawa tsinken kitsonta ya suɓuce. Ya faɗi a kan tabarma dab da gwiwarta, daidai saitin idona, ƙarfe ne fari yana ƙyalli cikin rana. Na ga hannunta ya sauko. Ya shafa tabarma ta dama, tsinken na hagu. Ya dawo ya wuce ta samansa da ɗan yatsa biyu. Ta sunkuyo, na ji numfashinta a kunnena, fuskarta na fuskantar wurin sosai, hannun kuma ya sake tafiya wani wajen.

A nan komai ya faɗo min lokaci ɗaya. Ciwon ƙafar da babu ɗingishi. Sallamar da ba ta amsawa da suna sai ta ji murya. "Hwaɗa min abin da kika gani." Gwaggo ba ta ga takardata ba. Ba ta ma ganin tsinken da ke gabanta da rana tsaka. Shekara biyu tana yi wa mutane kitso da yatsu kawai, ba ta gaya wa kowa ba, ni kuma na kawo mata zane na ce ta kwaikwaya ko in hau mota. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na zura ɗan yatsana a hankali na tura tsinken ƙarƙashin tafinta. Ta ɗauka ta ci gaba.

Sai bayan azahar ta gama. Ta cusa tsumman, ta ɗora gashi a kai, ta kitse gefe da gefe da ƙananan kitso, ta ɗaure da zare, ta kwaɓa shuni da man shanu ta shafe. Ta dafa kafaɗata ta ce in tashi in duba.

Na shiga ɗakinta inda madubi yake. Fa'iza, babbar ƙawata, wadda ta gaji da jira a zaure, ta biyo ni da takardar a hannu.

Tudu na nan, amma bai tsaya a goshi ba, ya taso daga goshi ya bi tsakiyar kai har ƙeya kamar kunyar dankali. Gefe biyu sun kumbura a saman kunne. Baƙi ne mai shuɗi-shuɗi yana sheƙi. Aiki ne mai tsabta, babu silin da ya fita layi. Sai dai ko kusa bai yi kama da na yarinyar Yuni ba.

Fa'iza ta toshe baki. "Hawwa'u, doka ta! Wallahi doka ta yi miki, irin ta kakanni!"

Doka ce. Ban taɓa ganin ta a kan mutum ba, sai a wani tsohon hoto da ya dushe a ɗakin Rabi. An bar yin ta tun kafin a haife ni. Na nemi kan da ba a taɓa gani a Bukkuyum ba, na tashi da wanda Bukkuyum ta gaji da shi ta ajiye shekara talatin.

Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba. Duk kunyar da na ji a tabarma ba ta hana ni jin kuka ya taso ba. Na hango dangin Muttaka a Gummi, 'yan matan da ke zuwa salun, an ɗaga mayafi sun ga wannan. Fa'iza ta ce da sauran lokaci. In muka tashi yanzu, Basira za ta warware ta wanke kafin magariba, ko ba ta iya na takardar ba za ta yi wani abu na zamani. Ta ɗauka raɗa take yi. Fa'iza ba ta taɓa iya raɗa ba.

Daga tsakar gida muryar Gwaggo ta shigo, babu fushi a ciki. "Uwata, in bai yi ba ki tahi Gummi. Rana ba ta hwaɗi ba tukuna."

Na leƙa ta taga. Tana zaune inda na bar ta, hannuwanta sun yi shuɗi har wuyan hannu, ta ajiye su a cinya. Fuskarta tana kallon ƙofar ɗakin, amma ta ɗan kauce, wajen randa take kallo. A zaure kuwa ina jin hayaniyar mata, an taru ana jiran a ga abin da Tasalla ta yi da takardar Japan. In na fito da kallabi na nufi tasha, babu mai buƙatar a yi mata bayani.

Na ɗauko tsinkayen Tsoho daga jakata, na fita na durƙusa a gabanta na sa mata su a hannu.

"Ba ki gama ba, Gwaggo. Saura waɗannan."

Ta shafa su daga kai har gindi, ta ce Tsoho ya yi aiki. Ta lalubi tudun ta soke ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, ta gyara min zaman wuya da yatsa biyu. Sannan ta ɗaga murya ta ce a shigo.

Rabi ce a gaba. Ta tsaya cak, ta dafa ƙirji. "La ilaha illallahu! Tasalla, wagga ai Hawwa'u ta ta dawo!" Ta rangaɗa guɗa, tsofaffi suka kama. Suka kewaye ni suna juya min kai kamar tunkiyar layya, wannan ta ce ga wuyan, waccan ta ce ranar da aka kawo kakata daga Anka da wannan kan aka kawo ta. 'Yan mata dai suna ta ƙunshe dariya. Wata ta tambaya ko shi ne na takardar, na ce shi ne, na ninke takardar na sa a jaka tun kafin a ce a gani.

Ba zan ce doka ta dawo Bukkuyum ba, ba ta dawo ba. A Gummi an yi min dariya, ƙannen Muttaka sun yi wata guda suna kira na Kaka, shi kuma ya yi ƙorafin shuni ya ɓata matashi. Amare biyu sun je wajen Gwaggo daga baya suna son irinsa, don tsinkayen sun burge su. Ta ce a'a, ta ajiye kitso, da kan uwarta ta rufe. Haka maganar ta zauna a gari har ta rasu: Tasalla ta bar kitso don kanta, babu kan da ya gagare ta. Sai bayan shekara guda ta yarda Baba ya kai ta asibitin ido a Sakkwato, aka ce an makara.

Amma abin da nake so in faɗa ya faru ne ranar da za a kai ni. Bayan la'asar, motoci sun tsaya a ƙofar gida, an gama yi min faɗa wajen Baba da Inna, sai aka shigar da ni ɗakin Gwaggo. Ta ce a ba mu wuri. Ta zame mayafina tana bin kan da yatsu, tana tura duk silin da ya ɗago.

"Uwata," ta ce, "ya yi kama da na takarda?"

"Sak, Gwaggo. Kamar an buga da hatimi."

Ta dungure ni, da ƙarfi kuwa. "Maƙaryaciya. Tsinken da kinka turo min, kin ɗauka ban ji ba?"

Hawaye suka zubo, ba irin na amare da ake yi don a gani ba.

"Takardarki ban ga komi ba cikinta sai hwari da baƙi," ta ce. "Da kinka hwara hwaɗi, tudu, da cushe, da mai, da ƙeya buɗe, sai nig ga kan Innarmu, mai sunanki. Ni ka riƙa mata zare in ana yi mata. Huskarki ban gani, Uwata. Huskar ɗiyana ma ban gani. Wanga kai shi kaɗai yar rage min da nika gani sarai."

A waje direba yana ta danna ham. Ta ja mayafin ta rufe min kai, ta daidaita shi a kan tsinkayen don kada su huda.

"Tashi ki tahi," ta ce. "Kuma kada ki kwana bisa shi. Wuya za ki ɗora bisa matashi, kamar yadda mutanen naki ka yi."